Gonar Baba Tsoho: Wanda Ya Sayar Ya Ci Amana Ne?

Watan jiya baffana ya bugo mini waya daga ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi. Ya ce dangi sun zauna kan raba gonar kakanmu, Baba Tsoho, kuma wasu sun ce da an ba su kasonsu za su sayar. Na kashe waya raina a ɓace. Na san ba ni kaɗai ba ne, domin a majalisarmu ta bayan isha'i nan Karmo da wuya wata ya wuce wani bai kawo irin wannan labari ba. Shi ya sa nake so mu duba tare: wanda ya sayar da gonar kakansa, ya ci amanarsa ne?

Baba Tsoho, Allah ya jiƙansa, manomin gandu ne. Da safe 'ya'yansa maza suna babbar gona tare da shi, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Dawa da gero na ci ne, auduga ta sayarwa. Ranar da aka kwaso amfani, dami ba ya shiga rumbu sai an ƙirga a gabansa, cikin kowane goma a ware ɗaya na zakka. Ni kuwa abokin wasansa ne, ɓarawon gyaɗa yake kirana, alhali shi ne ke cika mini aljihu da ita. Mahaifina ya sha ba mu labarin farin 1973, da gero ya ƙone a tsaye. Baba Tsoho ya ware iri ya ɓoye, sannan ya buɗe rumbun tsohon hatsi, ya riƙa aika yara da tiya-tiya gidajen maƙwabta cikin dare, don kada wani magidanci ya ji kunya.

Da wannan a zuciyata na shiga mota a Zuba, na isa gida da niyyar hana rabon. Na fara da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda na ji ita ce kan gaba wajen son sayarwa. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, ai wannan gona ita kaɗai ta rage mana ta tunawa da shi." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, sau nawa ka taka gonar tun da ka koma Abuja? Kai tunawa kake so ka yi da ita. Ni marayu huɗu ne a ɗakina, ga rufin yana yoyo." Wallahi na rasa abin cewa.

Gaskiyarta ce. Shekara da shekaru gonar na hannun maza suna nomawa, ita kuwa sai dai a aika mata da ɗan abin da ya samu da kaka. Shari'a ta yanka wa 'ya mace kasonta, rabin na ɗan'uwanta namiji, kuma nata ne halak malak, ta noma, ta ba da aro ko ta sayar. Sau da yawa in muka ce kada a taɓa gonar tsoho, haƙƙin mata da marayu muke dannewa da sunan girmama mamaci. Mutumin da ya ciyar da maƙwabta cikin dare, yaya zai ji a ce an bar 'yarsa cikin yoyo saboda shi?

Amma fa ba na cewa kowace sayarwa daidai ce. Mun ga waɗanda suka karɓi kuɗin gado, aka yi biki, aka sayi babur da waya, kafin damina ta zagayo babu gona babu kuɗi. Halal ne, ba wanda ya ce haram, sai dai halal ma ana iya yin wauta da ita. Gumin shekara hamsin da aka zuba taki aka gyara, bai kamata ya narke cikin wata uku ba.

Mu mazauna wannan birni ya kamata mu fi kowa tunani a nan, domin a kan gonakin kakannin wasu muke zaune. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ware wannan yanki a 1976, har aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disambar 1991, Gbagyi da sauran mutanen asali da yawa sun rabu da ƙasarsu. Mutanen tsohuwar Wuse har Sabon Wuse ta jihar Neja aka kai su. Ba su sayar da son ransu ba, amma ba mai cewa sun manta kakanninsu don gonar ta koma kwalta. Ashe ƙasa tana iya fita hannu tunawa ta zauna, kamar yadda ni na bar gona tana nan shekara goma ban leƙa ta ba, ina kuma ganin na fi kowa son mai ita.

Malamai suna koya mana cewa abin da ke isa ga mamaci shi ne sadakarsa mai gudana, da ilimin da aka amfana da shi, da addu'ar zuriya tagari. A ganina amanar da Baba Tsoho ya bari ita ce kada a kwana da yunwa kusa da rumbunsa, kuma wannan ana iya riƙe ta a ɗakin haya a Karmo.

An raba gonar. Gwaggo ta sayar wa baffana nata kason, ta gyara rufi ta sayi awaki. Namu na gidan mahaifina mun ba wani ɗan'uwa aro, da sharaɗin in an yi girbi buhu ɗaya ya fara shiga gidan Gwaggo. Kafin ka ce wa ɗan'uwanka ya ci amanar kaka, tambayi kanka wa ya ci tuwo ta dalilinka a bana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyauta namu zuwan.