Rantsuwa biyu a wuyan mutum guda

Akwai wata irin makaranta wadda ɗalibinta ke shiga da kaki, ya fito da farar riga bisa kakin. Da asuba yana fareti, da hantsi yana duban jini a madubin likita, da la'asar yana koyon tsai da jinin wanda harsashi ya samu. Ranar kammala karatu rantsuwa biyu ke wuyansa: ta soja, cewa zai bi umurnin na gaba da shi, da ta likita, cewa lafiyar majinyaci ita ce gaba da kome. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, ranar da rantsuwar nan biyu suka ja shi hanya daban-daban, wace zai bi? Kuma wace ya kamata makarantar ta koya masa ya bi?

Bari mu ɗauki misalin da ya taɓa ƙasashenmu. A shekara ta 1905 Faransa ta kafa makarantar Faro a birnin Marsai, ɗalibai na farko suka shiga a 1907, ba a rufe ta ba sai a 2013. Matasan likitocin soja da suka gama karatu a Bordo ko Liyon kan zo nan su yi ƴan watanni suna koyon cututtukan ƙasashe masu zafi da yin fiɗa da kayan aiki kaɗan, sa'an nan a watsa su cikin ƙasashen mulkin mallaka. Wasu ƙasashe ma suna da irinta: Amurka ta kafa jami'ar likitancin sojanta a garin Betesda da dokar 1972.

Wanda ya ce irin waɗannan makarantu ba su amfani talaka ba, bai yi adalci ba. Likitan soja ne, Alphonse Laveran, ya fara ganin ƙwayar masassarar cizon sauro cikin jinin mutum, a asibitin soja na Kustantina ta Aljeriya, a 1880. Léon Lapeyssonnie, ɗalibin Faro kuma malaminta, shi ya zana a 1963 iyakar yankin da sanƙarau ke addaba, tsakanin inda ruwan sama ke kai milimita 300 a shekara da inda yake kai 1100, wato yankin da kudancin Nijar ke tsakiyarsa. Maganin masassara da ake ba yaranmu yau, mai sinadarin artemisinin, ya samo asali daga wani shirin soja na asiri da ƙasar Sin ta buɗe a 1967, saboda masassara na kayar da mayaƙa a yaƙin Biyetnam. Dalilin wannan himma a fili yake: a yaƙoƙin da, cuta ta fi makami kashe soja. Runduna don kanta take bincike. Amma rijiyar da sarki ya gina don dawakinsa, in talaka ya sha ruwanta ƙishirwarsa ta tafi, ba za a ce ruwan ƙarya ba ne.

Sai dai labarin Eugène Jamot ya nuna mana ɗayar fuskar. Shi ma ɗan Faro ne. Daga 1922 ya zauna a Ayos ta Kamaru yana yaƙi da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, a lokacin da cutar ke ƙarar da ƙauyuka. Dabararsa ta soja ce zalla: maimakon jiran majinyaci a asibiti, ayarin ma'aikata ya bi gari gari, a tara kowa da kowa, a laluba kaluluwar wuya, a duba jini, a yi wa mai cutar allura nan take. Cutar ta ja da baya ƙwarai, dubban rayuka suka tsira. Amma taron nan na dole ne, ba a tambayi kowa ko ya yarda ba. A yankin Bafiya wani ƙaramin likita ya ƙara yawan maganin bisa ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka makance. A watan Nuwamba na 1954, bayan mutuwar Jamot da daɗewa, aka yi wa mutanen Yokaduma masu lafiya allurar lomidin da sunan rigakafi. Ruwan maganin ya gurɓace, wajen mutum 30 suka rasu. Daga baya ma aka gane maganin ba ya yin rigakafin da aka zata.

Abin lura shi ne, ƙarfin da ya sa aikin ya yi nasara shi ne ya sa ɓarnar ta yi yawa. Inda kowa ke bin umurni, alheri yana yaɗuwa da sauri, kuskure ma haka. Majinyacin da yake da ikon cewa a'a, ko ikon tambayar me ya sa maƙwabcinsa ya daina gani, shi ne birki na ƙarshe. An cire wannan birki don a yi sauri.

Batun yarda ya fi tsanani a fagen bincike. A 1900, a tsibirin Kyuba, likitan sojan Amurka Walter Reed da abokan aikinsa suka tabbatar cewa sauro ke kawo shawara. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma a nan wanzamai sun fara da kansu: James Carroll ya miƙa hannu sauro ya cije shi, ya kwanta rai a hannun Allah, Jesse Lazear kuwa cutar ta kashe shi. Sauran masu sa kai an rubuta musu takarda da Ingilishi da Sifaniyanci wadda ta faɗi haɗarin a fili. Wannan abin yabo ne a zamaninsa. Duk da haka tambaya tana nan: ƙaramin soja da babbansa ya ce masa "wa zai sa kai?", yardarsa ta kai yarda? Bayan shari'ar likitocin Jamus a Nurambag, ƙa'ida ta farko da alƙalai suka rubuta a 1947 ita ce yardar mutum da ransa, ba tare da tilas ba. A bariki, tilas ba ta buƙatar bulala. Kallo ɗaya ya isa.

Sai kuma ranar yaƙi, da masu rauni suka fi hannuwa yawa. Hankalin kwamanda yana cewa a fara da mai ƙaramin rauni don ya koma fage. Dominique Larrey, babban likitan rundunar Napoliyon, ya bi wata hanya: a fara da wanda rauninsa ya fi muni, ba a duba galansa ba, ba a duba ɓangarensa ba. Duniya ta ba shi gaskiya. Yarjejeniyar Jeneba ta farko ta 1949, a sashe na 12, ta ce gaggawar jinya kaɗai ke sa a gabatar da wani kan wani. Ƙarin da aka yi a 1977, a sashe na 16, ya hana a tilasta wa likita aikin da ya saɓa wa ɗa'ar sana'arsa, ya kuma hana a hukunta shi don ya yi jinyar kowane ne.

Wani zai ce: in haka ne, a bar likitanci ga farar hula. Wannan magana ba ta san fagen fama ba. Wanda ba a horar da shi aiki ƙarƙashin ruwan harsashi ba, ba zai kai ga mai rauni cikin mintocin da jini ke zuba ba. Kuma runduna tana da haƙƙi na gaskiya a kan likitanta: ta tura shi inda take so, ta tambaye shi ko wane zai iya aiki. A nan biyayya wajibi ce. Iyakarta ita ce jikin majinyaci. Kwamanda na iya cewa "je can", ba shi da ikon cewa "bar wancan ya mutu" ko "gwada wannan a kansu".

A ganina rantsuwar likita ce babba, kuma amfanin rundunar kanta yana cikin haka. Gala aro ne daga hukuma, yau ta ba ka gobe ta karɓe. Amanar da ke sa mutum ya tuɓe riga gaban baƙo, ko uwa ta miƙa hannun ɗanta ga allura, dukiyar jama'a ce duka, an daɗe ana tara ta. Likita ɗaya da ya ci wannan amana ya ɓata wa dubu, kuma ƙauyen da ya taɓa tsoron allura yakan gadar wa jikokinsa tsoron.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar likitocin soja ta iya koyar da biyayya, wannan sana'arta ce. Abin da za a auna ta da shi ya fi wuya: ko tana karantar da labarin Bafiya da Yokaduma tare da na Laveran, ko kuma ɗalibin da ta yaye zai iya tsayawa gaban wanda ya fi shi gala, ya sara masa da ladabi, ya ce wannan umurni ba zai bi ba, ya kuma faɗi dalili.