Abin da ya kamata na'ura ta manta

Duk daren Laraba ina gabatar da shirin zamantakewar iyali a wata ƙaramar tashar rediyo a Maradi. Alkawarina ga masu saurare ɗaya ne: ku turo damuwarku, zan karanta ba suna, gari na wayewa mu goge saƙon. Shekara uku ina faɗin haka, hankalina kwance.

Wata rana faifan na'urarmu ya cika. Ma'aikacinmu mai kula da ita ya bincika, ya tarar ba rumbun saƙonnin ne ya cinye wurin ba, littafin ayyukan uwar garke ne. Muna amfani da PostgreSQL, kuma tun farko an saita log_statement a kan all, wato ta rubuta kowane umarni da aka ba ta. Saƙon matar da mijinta ke duka, lambar wayarta, har da lokacin da ta turo, duk suna nan. Mun goge a rumbu, littafin ya ajiye.

Shin na yi ƙarya? Ban yi niyya ba, amma da wani ya buɗe littafin nan, niyyata ba za ta kāre matar ba. Ma'aikacin ya kawo hujjarsa, kuma hujja ce: in babu littafin, ranar da na'ura ta lalace lalube zai yi cikin duhu. Sai dai shi abin da yake bukata shi ne sanin wane umarni ya gaza da lokacin da ya gaza. Sirrin matar ba ya cikin aikinsa.

Maganin ya zo daga mutanen da ba su san Maradi ba. A fitowa ta 13, a 2020, masu ba da gudummawa sun ƙara log_parameter_max_length. Tunda manhajarmu tana aika saƙo daban da umarni, da muka sa shi a sifili sai littafin ya koma rubuta aikin kawai, ban da abin da ke ciki. Aikin gayya ne, ba su karɓi ko dala a hannunmu ba.

Wanda ya sha ruwan rijiya, yasarta ta hau kansa. Ban iya rubuta manhaja ba, amma ma'aikacinmu ya iya, kuma na roƙi shugaban tasha ya ba shi rabin yini duk wata don gwada gyare-gyaren da wasu suka aika. Tsohon littafin kuwa mun goge shi a gabana, kuma na faɗa wa masu saurare abin da ya faru.