Launi da Jirmi: Nazari a kan Lalle, Jan Farce da Ruwan Alwala

Akwai wata mas'ala wadda mai gaggawa zai raina ta, ya ce zancen mata ne da bai kamata ya wuce tsakar gida ba, alhali kuwa idan aka bi ta sannu a hankali za a tarar ta shiga babin tsarki a fiƙihu, ta shiga babin halittu a ilmin tauhidi, ta kuma taɓa yadda ɗan Adam yake raɗa wa abubuwa suna. Mas'alar ita ce: don me mace mai ƙunshi, wadda faratanta suka yi jawur har suka kusa komawa baƙi, take yin alwala kuma alwalarta ta inganta, ita kuwa wadda ta shafa jan farce na kwalba, ko da mai haske ne har ido bai cika gane shi ba, malamai suke ce mata sai ta goge shi tukuna? Da launi ne abin zargi, da ƙunshin ya fi cancantar hani, domin shi ya fi cika ido. Tun da kuwa ba haka hukuncin ya zo ba, ashe akwai wani abu daban da shari'a take dubawa, wanda ya wajaba mu nemo shi.

Ba kowane wuri ne ya dace da wannan nazari kamar gabashin Sudan ba, inda al'ummomi dabam-dabam suke gogayya a kasuwa ɗaya. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa ta baƙar laka mai albarkar dawa da riɗi, waɗansunsu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka suka tsaya noma har zama ya kama su, waɗansu kuma zuriyar masu hijira ne da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, a yaƙin Burmi a shekarar 1903. A cikin jihar Gadarif ta wannan yanki ne Um Rakuba take, kusa da garin Doka, inda aka sake buɗe sansanin gudun hijira a watan Nuwamba na 2020 domin mutanen Tigrai da yaƙi ya koro daga Habasha. Saboda haka mai lura zai ga hannuwa iri uku a wannan yanki: na Bahaushiya wadda kakanninta suka saba kwana da hannu a cikin zunguru, na Balarabiyar Sudan wadda take shafa mahalabiyya kafin lalle, ta bi shi da nashadir ko hayaƙin itacen ɗalha don ya yi duhu, da na matar Habasha wadda a ƙasarsu ake jan tafin hannu da saiwar wani tsiro da ake kira insosila, a kan duka ukun kuma sai ga kwalaben jan farce sun shigo daga masana'antun nesa, kowace da launinta.

Mu fara da sunayen launukan kansu. Bahaushe yana da tushe uku waɗanda ya fi ƙarfafawa, wato fari da baƙi da ja, kowanne kuma da kalmar da take kai shi matuƙa, shi ya sa ake cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Daga nan sai shuɗi da kore da rawaya, sa'an nan harshe ya koma aro daga abin da ido ya saba gani a gida da gona, a ce ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan makuba, ruwan hoda. Waɗansu masana biyu na Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, sun buga wani bincike a shekarar 1969 inda suka nuna cewa harshen da yake da sunan launi biyu kaɗai, duhu da haske yake rarrabewa, wanda yake da uku kuwa ja ne na ukunsa. Ba abin mamaki ba ne ke nan da har yau matanmu suke kiran abin da ke cikin kwalbar jan farce ko da shuɗi ne ko kore. Su kuma masu sayarwa ba sa neman sunan da zai siffanta, sun fi son wanda zai jawo sha'awa, kamar yadda kamfanin Revlon ya fitar da wani ja a shekarar 1952 ya raɗa masa sunan da ma'anarsa ita ce wuta da ƙanƙara, sunan da ba zai gaya wa kowa ko jan ya karkata wajen goro ko wajen makuba ba. Abin da za mu riƙe a nan shi ne, sunan launi isɗilahi ne na mutane, kowace al'umma tana yanka iyakokinsa gwargwadon abin da ke ƙasarta, kuma abin da yake sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa ba zai yiwu ya zama ginshiƙin hukuncin ibada ba.

To, mene ne launi a zatinsa? Ɗaliban zaure da suka karanta Ummul Barahina ta Imamu Sanusi, wanda ya rasu a shekarar 1490, sun san cewa malaman tauhidi sun kasa dukkan halitta kashi biyu, jirmi da arali: jirmi shi ne abin da yake cin wuri, ya hana waninsa zama a inda yake, arali kuwa siffa ce da ba ta tsayuwa da kanta sai ta jingina da jirmi, kamar motsi da tsayawa da zafi da ɗanɗano, launi kuma yana cikin misalan da suka fi yawan kawowa. Ba wanda ya taɓa ɗebo ja tsagwaronsa a cikin ƙwarya. Abin da ake ɗebowa jan abu ne. Masana ilmin gani ma ba su saɓa wa wannan ba, domin Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Masar wajen shekarar 1040, ya tabbatar da cewa gani yana faruwa ne da hasken da yake tasowa daga abu ya shiga ido, Ishaku Newton na Ingila kuma ya nuna, a littafinsa na 1704, cewa farin hasken rana haɗakar launuka ne, abin da muke kira ja kuwa shi ne wanda ya shanye sauran ya mayar mana da jan. Shi ya sa farcen da ya yi kyau a ƙarƙashin fitilar shago yakan fito da wata kama daban a hantsi, ba don wani abu ya ƙaru a kansa ko ya ragu ba.

Idan an fahimci wannan, bambancin lalle da jan farce ya fito sarari. A cikin ganyen lalle akwai wani sinadari da masana suke kira lawson, wanda idan aka daka ganyen aka kwaɓa aka ƙunsa, yakan ratsa saman fata da farce ya sarƙe da su, ta yadda bayan an ɓamɓare busasshen lallen an wanke hannu, babu abin da ya rage face launi. Saboda wannan sarƙewa ce ma jan lallen da ke kan farce ba ya wankuwa, sai dai farcen ya yi ta tsiro, kimanin milimita 3 a wata, farin yana turo jan daga tushe, har a yanke shi kaf cikin wata 4 zuwa 6. Jan farce na kwalba kuwa ɗan'uwan fentin mota ne, domin daga irin sinadarin da aka fara fesa wa motoci a shekarun 1920 aka samo shi, kuma aikinsa shi ne ya bushe ya zama ɓawo mai sheƙi a bisa farce. Lalle kamar baba ne a marinar Ƙofar Mata, wanda yake shiga zare ya bar ruwa yana ratsa tufa yadda ya saba, jan farce kuwa kamar fenti ne a kan ƙyaure, wanda za a iya kankare shi da wuƙa a tara shi a tafin hannu. Na farko arali ne da ya zauna a jikin mai shi, na biyu jirmi ne baƙo da ya shiga tsakanin gaɓa da ruwa.

A kan wannan ne malaman mazhabar Maliku suka gina fatawarsu, domin a cikin sharuɗɗan ingancin alwala sun ƙidaya rashin shamaki a kan gaɓa, suka buga misali da kakin zuma da busasshen ƙullu, suka kuma farlanta cuɗawa, wadda ba ta da ma'ana idan hannu yana gogar wani abu ne da ba fatar ba. Don haka idan mace ta ce, "Allah gafarta Malam, nawa fa marar launi ne," amsar ita ce, "Malama, ba launinsa ake tuhuma ba, kaurinsa ne." Wadda ta shafa bayan ta yi alwala tana iya salla da shi muddin alwalar ba ta warware ba, sai dai in ta warware dole a goge kafin a sake. Wajen shekarar 2013 labari ya bazu cewa kamfanin Inglot na ƙasar Poland yana da wani iri wanda iska da tururi suke ratsawa, mata da yawa suka yi murna, amma malamai da dama suka tsaya a kan cewa abin da aka umarta wankewa ne, wankewa kuwa gudanar ruwa ce a kan gaɓa, ratsawar danshi ba ta kai wannan matsayi ba. Akwai kuma wani al'amari na sutura da ya kamata a ambata: tun da mata da yawa sukan bari sai lokacin fashin salla su shafa, sai waɗansu suka mayar da farcen mace abin karanta sirrinta ko abin auna addininta, wannan kuwa bin diddigi ne da zato, waɗanda haninsu ya fi na jan farce bayyana a cikin nassi.

Mai jayayya zai ce, in launi ba ya ɗaukar hukunci, me ya sa aka hana mai takaba lalle da tufafin rini har tsawon wata huɗu da kwana goma? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne Risala ta Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta hana mata dukkan rini ban da baƙi. Amma mu lura cewa masu sharhin mazhaba sun ƙara da cewa idan baƙi ya zama tufafin ado a wurin waɗansu mutane, to shi ma ya shiga hanin, mu kuma lura cewa a Sudan farin mayafi ne alamar matar da mijinta ya rasu, alhali a ƙasashe da yawa baƙi ne. Ashe illar hukuncin ƙawa ce, al'ada kuma ita take faɗin wane launi ne ƙawa a wane gari. Lallen da ya halatta ga amarya har aka so shi, shi ne ya haramta ga mai takaba, ganye ɗaya, ja ɗaya, halin mai ƙunsawa ne ya sauya.

Haka kuma baƙin lallen nan da ake kira dayis, wanda ya yaɗu daga Khartum har Kano saboda yana kamawa cikin ɗan lokaci. Ta fuskar alwala, idan launi kaɗai ya bari bayan wankewa, hukuncinsa hukuncin lalle ne. Amma sau da yawa abin da yake baƙanta shi wani sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD, wanda yake sa fatar waɗansu ta kumbura ta yi ƙuraje, wanda kuma likitocin Khartum suka rubuta tun shekarun 1980 cewa ya halaka mutane, har da yara, ta hanyar kumburin maƙogwaro da lalacewar ƙoda. A nan ƙa'idar kawar da cuta ce take magana, kuma da a ce sinadarin fari ne ko kore, da hukuncin bai canja ba.

Da wannan muka iso ga abin da ya fi farce girma. Mutanen Sudan suna da tsani na sunayen launin fata, suna ce wa mai duhu ƙwarai azraƙ, wato shuɗi, mai bi masa akhdar, wato kore, sa'an nan asmar da asfar da ahmar, kamar yadda mu ma muke da baƙi da wankan tarwaɗa da fari da jar fata. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a wurare da yawa an ɗora wa wannan tsani daraja da ƙasƙanci, har ya shiga zancen aure da muƙami, har 'yan mata suka koma shafa mayukan da suke ƙone fata don su hau mataki ɗaya. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 22 ta Suratur Rum, ya haɗa saɓanin harsuna da saɓanin launuka wuri guda, ya ƙidaya su cikin ayoyin Ubangiji ga masu ilmi, a Suratu Faɗir kuma ya jera launukan 'ya'yan itatuwa da na duwatsu da na mutane da na dabbobi a sahu ɗaya, bai fifita wani a kan wani ba. Wanda ya yarda cewa jan lalle ba ya hana ruwan alwala isa ga farce domin shi arali ne, ba shi da hujjar da zai sa duhun fatar Bahaushe ko hasken fatar ɗan Tigrai ya zama shamaki tsakaninsa da haƙƙin maƙwabtaka, domin ƙa'idar da ya karɓa a babin tsarki ita ce dai take binsa har kasuwar Doka.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa tambaya a kan wani sabon abin ado, kada ya fara da tambayar kamarsa ko sunan da aka rubuta a jikin kwalbarsa; ya tambaya ko yana da jirmin da zai tare ruwa, ko yana cutar da jiki, ko mai shafawar tana cikin halin da aka hana ta ƙawa, ko kuma za a bayyana shi ga wanda bai halatta ya gani ba. Idan amsoshin huɗun nan sun kuɓuta, to ta zaɓi ruwan goro ko ruwan hoda ko shuɗi yadda ranta yake so, domin asalin ado halal ne, kuma ba a haramta abu sai da dalili. Allah Shi ne mafi sani.