Tubar Mutanen Ninawa

Godiya ta tabbata ga Allah mai gafarta zunubi, mai karɓar tuba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da sauran annabawa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai ƙissar da muka yi tarayya da Ma'abota Littafi wajen saninta, ita ce ta Annabi Yunusa, alaihis salam, da mutanensa na Ninawa. Kufan birnin yana gaɓar kogin Dijla, daura da Mausil, a ƙasar Iraƙi.

A cikin Baibul akwai ɗan littafi mai babi 4 da sunansa, wanda Yahudawa ke karantawa a ranar babban azuminsu na neman gafara. Littafin ya ce an ba birnin wa'adin kwana 40. Da gargaɗin ya isa ga sarki, sai ya sauka daga gadonsa, ya tuɓe alkyabba, ya sa tsumma, ya zauna cikin toka. Ya hana ci da sha ga mutum da dabba, ya umurci kowa ya bar zaluncin da ke hannunsa. Allah kuwa ya janye azaba. Littafin ya ƙara da cewa Yunusa ya yi fushi da wannan afuwa. A nan mukan kame bakinmu, domin ba mu jingina wa annabi abin da bai tabbata a wurinmu ba. Amma littafin ya rufe da cewa Allah ya ji tausayin mutum sama da dubu 120 har da dabbobinsu, kuma rahama irin wannan ba baƙuwa ba ce ga Musulmi.

Alƙur'ani ya tabbatar da asalin labarin. Suratus Saffati ta ce an aiko shi ga mutum dubu 100 ko fiye. Aya ta 98 ta Suratu Yunus ta ware su daga sauran alƙaryu, cewa imaninsu ya amfane su. Ku koma baya kaɗan, aya ta 90 da 91: Fir'auna ma ya furta imani, amma sai da ruwa ya kai masa wuya, aka ce masa ya makara. Su kuwa alama kawai suka hanga suka komo.

To, da me suka komo? Malaman tafsiri sun kawo daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa sun mayar wa juna haƙƙoƙi, har mutum yakan tone dutsen wani da ya aza ginin gidansa a kai, ya mayar wa mai shi. Ku yi tunani: dutsen tushe, wanda cire shi ke tsaga bango!

Nan ne tubarmu ke gurguncewa. Istigfari da tasbaha ba shi da tsada. Wanda ya ture iyakar gonar maƙwabci da damina, da wanda ke saye da tiya babba ya sayar da ƙarama, da kawun da ya danne gadon marayu har suka yi gemu, duk suna cikin sahu tare da mu, wasu ma a sahun farko. Haƙƙin Allah nadama da bari da ƙudurin ƙin komawa sun ishe shi. Haƙƙin bawa kuwa sai an mayar ko an nemi yafewa. In mai shi ya rasu, magadansa na nan, kuma kun san ƙofar gidansu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.