Hikima ko Hadda? Wata Tambaya Daga Mubi

Kalmar Ibrananci da aka fassara da "hikima" a Littafi Mai Tsarki, wato hokma, ba ta masana kaɗai ba ce. A Littafin Fitowa, sura ta 31, da ita aka siffanta Bezalel, maƙerin zinariya kuma masassaƙi. Ashe gwaninta ce ta ido da hannu, irin ta dillalin kasuwar shanu ta Mubi, wanda kallo ɗaya ya ishe shi ya rarrabe lafiyayyen sa da mai ciwo.

Alal misali, a Littafin Karin Magana, sura ta 26, aya ta 4 ta hana a biye wa wawa a amsa masa, aya ta 5 kuwa ta ce a amsa. Mai gaggawa zai ce marubucin ya yi tuntuɓen alƙalami. A ganina da gangan aka jera su: an danƙa wa mai karatu ƙa'ida biyu, an bar masa aikin gane wadda ta dace da lokacinsa. Hadda ba ta iya wannan aiki.

Mutanen Mubi sun san nauyin wannan batu. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, Boko Haram ta kame garin, ta kuma mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Wannan ekklesiya, wadda tushenta ke Garkida tun 1923, tana cikin masu koyar da ƙin ramuwa da makami. Da aka ƙwato garin, jama'a suka fara komowa, sai tambayar ta sauko daga mumbari zuwa ƙofar gida. Yafiya umarni ce, babu musu. To, amma yafe wa maƙwabcin da kake zargi ya nuna gidanka yana nufin ka sake ba shi ajiya? In kuma ka hana, yaushe taka-tsantsan ke rikiɗewa ya zama gaba? Zargin ma, wa ya tabbatar da shi?

Babu ayar da ta yanke wannan hukunci filla-filla, sai dai a zauna a auna. Irin wannan zama ne ƙungiyar CAMPI ta Kirista da Musulmi ta riƙa shiryawa a Mubi, har ita da ekklesiyar suka karɓi lambar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus a 2016.