Wa Zai Faɗi Abin da Ke Damun Matashi?

Idan yaro ɗan shekara goma sha shida ya daina barci, ya ƙauracewa abokansa, karatunsa ya yi ƙasa, mutane huɗu za su ba abin suna huɗu. Malaminsa zai ce lalaci ne. Mahaifinsa zai ce taurin kai ne. Wani dattijon ikkilisiya zai ce aikin miyagun ruhohi ne, likita kuwa ya ce ciwon damuwa ne. Ba ƙaramin abu ba ne sunan da aka zaɓa, gama shi ne zai nuna ko bulala za a ɗauko, ko azumi, ko magani, ko mari.

Marin nan ba tatsuniya ba ne. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Nijeriya, a asibitocin gwamnati, da wurin masu maganin gargajiya, da gidajen addu'a na Kirista da na Musulmi. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Sun amince da mutum ɗaya wanda ya ce shi kaɗai ya san matsalar.

Wannan iƙirari na sani shi kaɗai shi ne abin da Jami'ar Ibadan ta ƙi yarda da shi. A 2013 ta soma koyar da digiri na biyu a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olayinka Omigbodun. Aji ɗaya ya haɗa likitoci, da nas-nas, da masana halayyar ɗan Adam, da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Dalilin a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin shekara 14, wato lokacin da yaro yake hannun malami da uwa, ba hannun likita ba. Likitan da bai san makaranta ba zai rubuta magani ga yarinyar da ainihin ciwonta wani malami ne mai yi mata barazana. Ma'aikacin jin daɗin jama'a da bai san jiki ba zai yi ta nasiha ga yaron da farfaɗiya ke damunsa.

Tunanin ma ba sabo ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauyawa kusa da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, har ya yi aiki da masu maganin gargajiya, abin da ya ba abokan aikinsa da dama mamaki. Bai ɗauki iyali a matsayin masu kawo abinci kawai ba.

Akwai masu cewa haɗa fannoni da yawa yakan haifar da wanda ya san kaɗan-kaɗan a komai. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Amma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin sa baki a yadda za a kula da shi. Ashe bayan malami da uba da dattijo da likita akwai mutum na biyar, yaron kansa, wanda sau da yawa yake zaune a ɗakin yana jin ana gardama a kan sunan ciwonsa, ba wanda ya tambaye shi tun yaushe barcin ya ƙaurace masa.