Jinyar Raunin Ɗan Wasa a Ma'aunin Shari'a da Hankali

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda mafi yawan jama'a suka dogara ga noman rake da masara da tumatir da barkono, lafiyar ƙafa da hannu ita ce jarin talaka, kuma a nan ne matasa suke cika filayen makarantu da ƙwallon ƙafa kowace yamma, 'yan dambe da 'yan kokawa kuma su fito fage da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Tambayar da take tasowa ita ce ko ya dace mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyon jinyar raunin da ɗan wasa ya jawo wa kansa, alhali zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa suna nan suna cin rayuka.

Tambayar tana da nauyi, domin hanyar doguwa ce. Mai son zama likitan ƙashi zai yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara guda ta horo a asibiti da wata ta bautar ƙasa, sannan ya shafe shekara 5 zuwa 6 yana neman ƙwarewa a wuri irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959. Bayan haka ne zai karkata ga raunukan wasanni, wato tsinkewar jijiyoyin da suke riƙe gwiwa, da yagewar guringuntsi, da gocewar kafaɗa, ya koyi tiyatar da ake yi ta ƙaramin huji, inda ake zura siririyar kyamara cikin gaɓa maimakon a tsaga ta. Idan kuma malamin jami'a ne, koyarwa da bincike suna kansa har ya bar aiki.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci cikin farillar kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ma'ana wajibin da idan wasu suka ɗauke shi ya faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya bar shi al'umma duka ta yi laifi. Kafin shi, Abul Ƙasim Zahrawi na Andalus ya keɓe wani sashe na littafinsa Attasrif ga karaya da gocewar ƙashi, a ƙasar Hausa kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani duk da nauyin mulki. Game da wasa kuwa, an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana. Ko a wasan da malamai suka yi magana a kansa, kamar dambe saboda dukan fuska, wajibcin jinya bai rataya a kan dalilin rauni ba, domin likita ba alƙali ba ne.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ilimin ba ya tsayawa a filin wasa. Jijiyar da take tsinkewa a gwiwar ɗan ƙwallo ita ce take tsinkewa a gwiwar ɗan acaɓa da ya faɗi a Tashar Yari, ko leburan da yake lodin rake a kasuwar Maƙarfi. Da yake ɗan wasa ba ya gamsuwa da warkewar da za ta bar shi yana ɗingishi, jinyarsa ta tilasta wa likitoci neman hanyar mayar da gaɓa ga cikakken ƙarfinta, wanda shi ne ainihin abin da manomi yake buƙata kafin damina ta faɗi.

A nan ne batun ya haɗu da ƙaddara. Mafi yawan masu karaya da targaɗe a ƙauyuka wurin maɗora suke fara zuwa, saboda kusanci da sauƙin kuɗi da yarda da gado, kuma babu mai musun cewa an warke da yawa a hannunsu. Sai dai idan aka ɗaure karare suka matse gaɓar da take kumbura, jini yakan yanke, tsoka ta mutu cikin 'yan sa'o'i, har ta kai ga ruɓewa da yanke hannu ko ƙafa, sannan a ce haka Allah ya ƙaddara. Maganar gaskiya ce, amma ba ta ɗauke alhaki ba, domin Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham lokacin annoba, ya bayyana cewa kauce wa cuta shi ma cikin ƙaddarar Allah yake, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni, wato biyan ɓarna, a kan wanda ya yi magani ba tare da an san shi da ilimin ba. Wannan hukunci ya hau kan maɗori da likita baki ɗaya, duk wanda ya ƙetare iyakar saninsa.

Saboda haka likitan da ya ba da rayuwarsa ga wannan fanni, ya kuma koyar da na baya, yana sauke wa al'umma farilla ne. Wajibi ne masu hali a Ikara da Maƙarfi da Kudan su ɗauki nauyin 'ya'yan yankin da suke son wannan karatu, limamai su bayyana wa jama'a cewa ɗaukar hoton ƙashi bai saɓa wa tawakkali ba, maɗora kuma su gaggauta tura duk karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta taɓa gaɓa, ko ta sami ƙaramin yaro, zuwa asibiti tun kafin kumburi ya yi nisa.